Hannun Mai Katafila

Duk wanda ya taɓa aiki da Mai Katafila ya san abu biyu game da shi: ya iya aiki, kuma ya san ya iya. Na biyun ne ke gajiyar da mutane. Gajere ne mai faɗin ƙirji, furfura ta fara masa daga gefen kunne, in ya hau kujerar injinsa har zamansa yakan canja. Tun yana saurayi yake haƙa: ramin gini, magudanar ruwa, hanyar binne bututu. Yakan ce da ƙaton cokalin injin mai haƙora zai iya ɗauke hula daga kan mutum bai taɓa gashinsa ba. Babu wanda ya taɓa ba da kansa a gwada, amma babu wanda ya ƙaryata shi, don sun sha ganin yadda yake kwashe ƙasa daga jikin bututu ko ƙwarzane babu.

Da liba biyu, wato sandunan hannu, ake sarrafa injin. Ta dama, in ka ja ta baya hannun injin ya tashi sama, in ka tura ta gaba ya sauka. Wannan ya daɗe da barin kansa ya koma cikin tsokar hannunsa, har matarsa ta ce ko labule zai ɗaga sai ya fara jan gwiwar hannu baya.

Abu ɗaya ya gagare shi, hira da ɗansa. Dogo, babban ɗan nasa, shiru-shiru ne, yana aiki a kantin magani a wani gari mai nisa. Ba faɗa suka yi ba. In aka haɗa su a waya, daga "ya aiki" sai "lafiya lau", sai kowa ya tsaya yana sauraron numfashin ɗan'uwansa, can sai uban ya ce, "To, ga mamanka." Abin yana cin Mai Katafila a rai sosai, sai dai mutumin da ke cika baki a gaban leburori ba zai zauna ya ce bai san yadda ake magana da ɗan cikinsa ba.

Wani zuwa hutu da Dogo ya yi, ya zo da gem na hannu, ɗan abu mai gilashi a tsakiya, da madannai da 'yan sanduna biyu da ake juyawa da babban yatsa. Wasan harbi ne a ciki, irin wanda ba ka ganin jikinka, sai hannunka da bakin bindiga. Dogo ya yi bayani cewa ƙanin wani babban wasa ne da ake bugawa a talabijin, an rage shi don ya shiga ƙaramar na'ura, kuma maimakon jarumin can, a nan wani ƙaramin soja ake bi, wanda aka bari ya tsare tashar jirgin ƙasa.

"Wato ko a wasan ma ƙaramin ma'aikaci aka ba ku," in ji uban. "Kawo in gani."

Ya karɓa da niyyar raini. Bai mayar ba sai da batir ya mutu. Ranar da Dogo zai koma, ya ajiye abin a kan tebur ya ce ya sayi wani, wannan na Baba ne, kuma ana iya haɗuwa a ciki ko daga nesa, a yi magana ta abin kunne.

Haka aka fara. Duk ranar hutun mako da yamma Mai Katafila zai zauna a kujerar tsakar gida, ya ɗora gilashinsa a kan hanci, ya saka abin kunne. Da farko maganar ba ta wuce "Baba, hagu!" da "Kai, rufa min baya!" ba. Amma tsakanin zagaye da zagaye akwai ɗan jira, kuma a cikin jiran nan bakin Dogo ya buɗe. A nan uban ya ji labarin mai kantin da ba ya son a zauna, da maƙwabcin da ke kiwon zakara a bene, da wata yarinya mai zuwa sayen maganin tari alhali ko tarin ba ta yi. Mai Katafila yana jin daɗi har cikin ransa. Duk mako ranar nan yake jira.

Matsalar ita ce bai iya ba. Tafiya ya iya, ɓuya ya iya, amma da maƙiyi ya leƙo daga saman gada, sai ya ja ɗan sandan dama baya don ya ɗaga bindiga, bindiga kuwa ta sunkuya ƙasa. A wasan, turawa gaba ne sama. Harsashin da ya zuba wa dandamalin tashar nan ba kaɗan ba ne.

"Baba," in ji Dogo wata rana yana dariya, "ko a gem ma haƙa kake yi?"

Da wani ne, da ya tambaya ko akwai dabara. Mai Katafila ba ya tambaya. Ya ce wa kansa yatsan da ya horar da injin da ya fi gida nauyi ba zai sha kashi a hannun abin da bai fi tafin hannu ba. Ya riƙa tafiya da gem ɗin wurin aiki, in an tashi cin abinci ya rufe kansa a ɗakin injin yana horar da yatsa: tura gaba, sama, tura gaba, sama. A hankali yatsa ya ji magana. Ya fara kakkaɓo masu leƙe daga gada, har Dogo ya fara cewa, "Kai, Baba!"

Sai ranar da ake binne bututun ruwa a bayan wani sabon gini. Mai haɗa famfo yana cikin rami a durƙushe, Mai Katafila ya cika cokali da ƙasa zai ɗaga ya juye a tifa. Zuciyarsa ta ce sama, hannunsa ya tura gaba.

Cokalin ya sauko da nauyinsa, haƙoran suka nutse a bangon ramin dab da kafaɗar mutumin, ƙasa ta rufto masa a baya. Mai famfo ya fito da rarrafe yana tofar da yashi, yana kiran sunan Allah. Leburori suka taru, wani ya ce mai ne ya yi ƙasa, wani ya ce tiyo ne ya saki. Mai Katafila ya kashe injin ya sauko.

"Injin lafiyarsa ƙalau," ya ce. "Hannuna ne. Ka yafe ni, ɗan'uwa."

Da ya koma gida ya naɗe gem ɗin a tsumma ya tura can ƙasan akwati. Matarsa ta tsaya a bakin ƙofa tana kallonsa. Ya gaya mata komai, ya ce ba zai kashe ɗan mutane saboda wasa ba.

"Gaskiyarka, Baban Dogo," ta ce. "Amma kai za ka gaya wa yaron da bakinka. Kada ka miƙo min waya."

Ya san abin da zai rasa, kuma ba sojan tashar jirgi ba ne. Ranar hutu ta zo, lokaci ya yi, ya zauna a kujerarsa hannu babu komai. Ya ɗauki waya ya kira.

"Baba, ban gan ka a ciki ba."

"Na daina, Dogo."

Mai Katafila ya ji "ga mamanka" ta taso masa har maƙogwaro, ya haɗiye ta. Ya fara bayani, liba da ɗan sanda, ja da turawa, rami da mai famfo. Bai taɓa yi wa yaron magana mai tsawon wannan ba.

"Tsaya, Baba," in ji Dogo. "Kana nufin duk watannin nan da kokawa kake bugawa? Ai ana juya shi! Ɗauko, ɗauko yanzu."

Aka tono gem ɗin daga akwati. Dogo ya riƙa nuna masa ta waya, shiga nan, sauka ƙasa, danna wancan. Layi ɗaya ne tak, ana taɓa shi komai ya juye: ja baya ya koma sama.

"Shi ke nan?" in ji uban. "To me ya hana su yin sa daidai tun farko?"

Zagayen farko ya rikice, sabon horo da tsohon hannu suna ta rigima. A na biyu tsohon hannu ya karɓi gidansa. Bindiga ta riƙa tashi da sauka a natse, ba fizga, ba wuce wuri, kamar yadda cokali ke bin gefen bututu. Masu leƙe daga gada suka ga ta kansu. Dogo yana ihu a kunnensa, shi kuwa cewa yake, "Tsaya a bayana kawai, yaro, ka ga aiki."

Duk da haka bai yarda da kansa a banza ba. Washegari ya riga kowa zuwa, ya kai injin fili inda babu kowa, ya ɗaga ya sauke, ya ɗaga ya sauke, har ya tabbata hannu ya dawo hanya ɗaya. Ya kuma hana kowa shiga rami muddin cokali na sama, har mai famfo ya ce da ma tun da can haka ya kamata.

An tashi cin abinci, yana zaune a inuwar injin, waya ta yi ƙara a aljihunsa. Dogo ne, kuma ba ranar wasa ba ce.

"Lafiya dai?"

"Lafiya lau, Baba. Hannun nake tambaya. Ya ya yi yau?"

"Hannuna?" in ji Mai Katafila. "Hannun ubanka ne fa. Kana da lokaci? Zauna in ba ka labari."

"Ina da shi," in ji Dogo.