Rigar Amarya a Hanyar Tseren Motoci

Yayana yana da shagon akwatuna a unguwar Barbès ta birnin Paris, ƙarƙashin gadar da jirgin metro ke bi, inda sai ka maimaita kowace magana saboda ƙarar ƙarfe. Shi ne babba a gidanmu. Tun muna Maradi burinsa ɗaya ne, ya zama direba, kuma bai zama ba. Shekara da shekaru yana karen mota a hanyar Zinder, yana ɗaure kaya, yana rataye a ƙofa, ubangidansa bai taɓa bar masa sitiyari ba sai in za a wanke mota. A Faransa ya samu lasisi, bayan ya sha faɗuwa har mai jarrabawar ya soma tambayarsa lafiyar iyali. Ya sayi farar motar ɗaukar kaya, ya hana kowa taɓa ta.

Ciwon ƙafa ne ya jawo mana abin. Likita ya kwantar da shi a gida, ya rasa abin yi sai kallon talabijin, a nan ya ci karo da wani shiri kan tseren motoci na farko-farko, na zamanin da ba a gina fili don tsere ba, ana yin sa a kan hanyar da kowa ke bi. Ƙafa ta warke. Wannan kuwa bai warke ba.

Duk wanda ya shiga shagon neman akwati sai ya fita da tarihi. Ni da nake kai masa abinci wani lokaci na fi kowa shan sa.

"Daga nan Paris suke tashi," in ji shi, yana nuna titi da cokali. "A hanyar kasuwa, hanyar da manomi ke koro shanunsa. Ba kwalta, ƙura ce kawai. Mutane su tsaya tsakiyar hanya wai suna son su ga mota, sai ta iso kansu."

Labarin da ya fi so shi ne na tseren da aka tashi daga Paris za a Madrid. Aka yi ta mutuwa a hanya, direbobi da ƴan kallo, har gwamnati ta tsayar da shi tun ba a fita ƙasar ba, aka hana su ko tada inji, aka ɗaura wa motocin dawaki suka ja su zuwa tashar jirgin ƙasa. In ya zo wurin dawakin sai ya yi dariya har ya riƙe ciki.

Na ce, "Yaya, rayuka fa aka rasa."

"Ajali ne. Amma ki dubi zuciya! Kuma kin san kowace mota mutum biyu ne a ciki? Direba da na gefensa, mai duba taya, mai waiwaya ya ga wa ke tafe a baya. Karen mota ke nan. Sai dai su sun sa masa hula da tabarau, sun ɗauke shi hoto."

A cikin wannan hali auren ɗiyar ƙanenmu marigayi ya taso. Angon ɗan Vaulx-en-Velin ne, gefen Lyon, iyayensa mutanen Tahoua. Ranar Asabar za a sa hannu a takardar auren hukuma a gidan magajin gari bayan azahar, daga nan a ɗaura aure a gidan su ango, Yaya ne waliyyi. Uwar ango ta ja mana kunne tun a waya: hukuma ta gaji da ayarin bikinmu, kada a busa ƙahon mota, kada a tare hanya, kuma wanda ya makara ana iya ɗage aurensa zuwa wata rana.

Amarya da ƙawayenta suka bi jirgin ƙasa tun jajibiri. Rigarta ce tela bai gama ba sai a ƙurarren lokaci, don haka ta shiga motar Yaya tare da kayan ɗaki: katifa, tukwane, kuloli cike da dambun nama da cincin. Muka tashi daga unguwarsu Stains, gefen Paris, bayan asuba mu uku a gaba, shi da matarsa Hajiya da ni. Ya ci ado tun daga gida, farar shadda, babbar riga, wai kada ya ɓata lokacin canji a can.

Muka iso Lyon da sauran lokaci mai yawa. Na ga allon da ke nuna hanyarmu, na ga mun wuce shi.

Hajiya ta ce, "Alhaji, ba can ba ne?"

"Yanke zan yi."

Yanken ya fitar da mu daga gari ta kudu. Hanya ta tsuke, tsaunuka suka fito, sai gonaki da shanu. Can muka hango jandarmomi, da shingayen ƙarfe, da tutoci, da mutane zaune a kujerun naɗewa bakin hanya, kowa da kwandon abincinsa. Na dubi Yaya, na ga haƙoransa duka a waje.

"Nan ne," ya ce a hankali, kamar wanda ya hango Ɗakin Ka'aba. "A wannan hanyar aka yi babban tseren, ƴan makonni kafin yaƙin duniya na farko. Jamusawa suka kwashe na ɗaya da na biyu da na uku, Faransawa suka yi tsit kamar gidan makoki."

Ashe ya san da taron tun tuni. Masu tsofaffin motoci ne suka shirya zagaya hanyar don tunawa, shi ya sa ya yi ta nacin shi zai kai kaya, mu kuwa muna ta sa masa albarka.

"Kallo ɗaya kawai, mu juya," in ji shi.

Wani dattijo mai rigar aiki ruwan ɗorawa yana gadin shinge. Da ya ga farar motar kaya sai ya zaci mu ne masu kawo abinci ko kayan gyara, ya ja shingen yana ɗaga mana hannu mu yi sauri. Yaya yana jin Faransanci sarai, amma ranar ya kurmance. Kafin Hajiya ta gama salati muna cikin ayari, a bayan motocin, kowace mararraba an toshe ta da ƙarfe.

Ban taɓa ganin tsufa ya taru wuri ɗaya haka ba. Motocin sirara kamar kwale-kwale, ba rufi, tayoyi kamar na keke. Masu su kuwa attajirai ne masu furfura, an naɗe su cikin rigunan fata, da hula mai rufe kunne, da tabarau irin na masu walda. Hayaƙi baƙi ƙirin, ƙara kamar injin niƙa goma a ɗaki ɗaya, kowanne yana matsa ƙahonsa na roba yana ɗaga wa jama'a hannu. Jandarma a kan babur yana share musu hanya, har da sara musu.

Hajiya ta ce, "Wato mu in mun busa ƙaho ranar farin cikinmu, rashin tarbiyya ne. Su kuma an rufe musu gari guda don su tuna ranar da aka ci su."

"Tarihi ne, Hajiya."

"Su waɗanda aka take a bakin hanya, wa ke tuna su? Ko su ba su da tarihi?"

Shi kuwa sai lissafa mata sunayen sassan inji yake yi. Tseren kuma tafiyar jaki ce. Wata mata a kan keke ta wuce mu da burodi a kwando.

Wayata ta yi ƙara, amarya ce. "Gwaggo, kuna ina? An gama mini kwalliya, ina zaune da ɗaurin ƙirji!" Na ce mun kusa. Ta ji ƙarar injuna, ta tambaye ni wane irin kusa ne wannan, daga nan ta juye Faransanci gaba ɗaya, abin da take yi in ranta ya ɓaci.

A kan wani hawa ne motar da ke gabanmu, shuɗiya, ta yi tari ta mutu, ta soma gangarowa da baya tana nufo mu. Wani tsoho mai gashin baki ne ke tuƙi, matarsa a gefe tana ihu. Ban san Yaya yana da sauran gudu a ƙafarsa ba. Ya dire, ya sunkuci dutse ya cusa ƙarƙashin taya, ya naɗe hannun babbar riga, ya kafa kafaɗa yana yi wa tsohon tsawa da Hausa: "Saka giya ta biyu! Saki kuloci in na ce saki!" Wasu ƴan kallo suka taya shi turi. Motar ta tashi da wata irin atishawa, ta fesa masa baƙin mai daga ƙirji har gwiwa. Jama'a suka tafa.

Matar tsohon ta sauko, ta cire tabarau ta jefa kan kujera, ta ce ita kam ta gama, ya nemi wata. Tsohon ya dubi kujerar, ya dubi Yaya, ya buga ta da tafin hannu.

Yaya bai ko waiwayo ya dubi fuskokinmu ba. Ya tattare riga ya haye, ya ɗora tabarau a kan hularsa, sai da suka fara tafiya ya ɗago murya: "Ku jira ni nan! Zagaye ɗaya ne!" Shi da bakinsa ya sha faɗa mana zagaye ɗaya na wannan hanya ya kai tafiyar yini a ƙafa.

Muka bi su da kallo. Makulli na jikin mota, inji na aiki. Ni kuwa na riga Yaya samun lasisi da daɗewa, aikina kula da tsofaffi ne gida-gida, kullum ina kan hanya. Bai taɓa ɗaukar wannan a matsayin tuƙi ba.

Hajiya ta ce, "Matsa can ki ja."

"Ya ce mu jira shi."

"Ni na aure shi. Ja."

Ina gyara kujera sai matar tsohon ta ƙwanƙwasa gilashi, ta tambaya ko za mu rage mata hanya. Ta shigo tsakiyarmu tana warin fetur. Ita ta san wurin, ta nuna mini wata ƴar hanyar gona, ta leƙa ta wanke mai gadin shingen wurin da faɗa har ya buɗe yana ba ta haƙuri. A hanya ta ba mu labarin nata: motar tana da ɗaki mai ɗumi a gidansu, ita kuwa sai ta roƙa kafin a kunna mata na'urar ɗumama falo. Hajiya ba ta jin Faransanci sosai, amma ta gane komai, tana ta gyaɗa kai tana cewa, "Allah sarki, ƴar'uwa." Muka sauke ta a wani ƙauye da ledar cincin a hannu.

Da na hau babbar hanya na taka motar nan yadda ba a taɓa taka ta ba tunda aka ƙera ta. Tukwane na kaɗe-kaɗe a baya, Hajiya ta rungume rigar amarya tana jan carbi. A wani wuri na ga walƙiyar na'urar kama masu gudu, na ce a raina tarar ta Yaya ce.

Muka iso ana gab da kiran sunansu. A cikin ɗakin wanka na gidan magajin gari aka zura wa amarya riga, ƙawayenta na tare ƙofa. Aka sa hannu lafiya, ba wanda ya busa ƙaho.

Saura ɗaurin aure. Maza suka cika falon gidan su ango, ga goro, ga dabino, ga liman, ba waliyyi. La'asar ta wuce. Sai liman ya ce a kira shi a waya ya wakilta wani. Aka kira, aka buɗe murya kowa na ji. Yaya yana haki kamar wanda aka biyo. Shuɗiyar motar ta sake mutuwa jim kaɗan bayan sun ɓace mana, kuma tun daga lokacin turi yake yi. Liman ya tambaye shi wa ya wakilta. Babu wani dattijo daga ɓangarenmu sai maƙwabcin shagonsa na Barbès, wanda shi ma akwatuna yake sayarwa, suka shekara ba sa ga maciji saboda ƙwacen masu saye. Muna jin tsohon yana yi wa Yaya ihu ya ƙara ƙarfi, sannan Yaya ya ambaci sunan mutumin kamar ana zare masa haƙori. Maƙwabcin ya gyara zama, ya ba da ɗiyarmu da murya mai daɗi, har ya ƙara da nasiha kan cika alkawari.

Bayan magariba Yaya ya iso wurin walima. Jirgin ƙasa ya hau, ya bi metro, ya ƙarasa da bas, duk a cikin shaddar nan da ta koma kamar tsumman gareji. Tsohon ya bar masa tabarau kyauta, yana rataye a wuyansa. Uwar ango ta taso ta tare shi, ta durƙusa ta yi masa gaisuwa cikakkiya, ta tambayi gida, ta tambayi gajiya, ta tambayi kasuwa, sannan ta ce, "Sannu da tsere, Alhaji. Na nawa aka zo?"

Amarya ba ta yi masa magana ba sai bayan ta haihu.

Takardar tara ta iso shago bayan ƴan makonni, da sunansa, tunda motarsa ce. Akwai wurin da mutum zai rubuta cewa ba shi ke tuƙi ba, ya faɗi wanda ke tuƙi. Na ce masa ya sa sunana, ni na yi gudun. Ya karanta saurin da aka rubuta, ya sake karantawa, ya dube ni.

"Da kaya a baya?"

"Da katifa da komai."

Ya ninke takardar ya sa a aljihu. Ya biya, aka rage masa maki a lasisi, bai rubuta sunan kowa ba. Daga baya na ji yana nuna wa masu sayen akwati ita, yana cewa a hanyar Lyon ne, ranar sauri yake yi zai kai rigar amarya. Hajiya na zaune a shagon wata rana yana cikin ba da labarin, ya juyo yana neman ta gaskata shi. Ta ce ita ba ta ga komai ba, idonta a rufe yake.