Taliyar Irin Alayyahu

Ni dai a gidanmu na unguwar Bani Malik, alayyahu ganye ne, a yi miya da shi a wuce wurin. Sai da na kama aikin girki a gidan wani likita Ba'indiye a unguwar Aziziyya, ina da shekara ashirin da 'yan kai, na san ana niƙa irinsa a yi gari.

Mahaifiyar likitan tsohuwa ce, ba Musulma ba, tana azumi sau biyu a wata. Ranar da na ga azumin nan dariya ta kusa kashe ni, don azumi ne da ake ci a ƙoshi. Hatsi aka hana: ba alkama, ba shinkafa, albasa ma ba ta shiga tukunya. Da tsufa ya fara hana ta girki, ni ta koya wa taliyar ranar azumin. Sai in kwaɓa garin irin alayyahun da dafaffen dankalin turawa, in cusa a wani ƙarfe mai ƙananan ramuka, in murɗa, zaren ya sauka a kan faranti, in turara. Daga nan in soya sama-sama da man gyaɗa, ɗanyen barkono da dakakkiyar gyaɗa. Garin ba shi da danƙo ko kaɗan, kana juyawa yana tsinkewa.

Wata ranar azumi matar likitan ta yi baƙi, tana son taliyar ta fito zara-zara. Ta dire mini gwangwanin fulawa.

"Zuba ludayi biyu, yalla, maza. Tsohuwa ba za ta gane ba."

"Ya sitti, uwar ɗakina, azumi take yi."

"Ke da ba addininki ba, ina ruwanki?"

Addinina ba nata ba ne, gaskiya, ban kuma taɓa yarda cewa azumin nan zai kai ta ko'ina ba. Amma na san yadda mutum yake ji in ya wuni yana kiyaye bakinsa. A ce da hannuna zan ɓata wa tsohuwa abin da ta ba ni amana, tana ci tana yi mini godiya? Na tura gwangwanin gefe.

"Wallahi ba zan zuba ba. In za ki zuba, ga ludayi."

Ba ta taɓa ludayin ba. Ta ce halas, shi ke nan, in na gama kada in dawo gobe.

Taliyar ta fito gutsi-gutsi, mai munin gani kamar dambun da ya sha ruwa. Haka na ɗauke ta na kai gaban baƙi, kaina a sama. Tsohuwa ta yi 'yar addu'arta, ta cinye nata tas, ta ce in ƙaro.

Na wanke tukwane na ɗauki mayafina. A bakin ƙofa tsohuwa ta kira ni, ba ta san an sallame ni ba, tana tuna mini azumi na gaba saura sati biyu, in zo da wuri. Na ce to, amma ban sake komawa ba. Har yau ina tunanin wa ya dafa mata, da abin da aka zuba a ciki.