Shingen Lallen Gwaggo

Jiya na wuce wata garka a Jiratawa, ƙamshin furen lalle ya buge ni, sai Gwaggo, yayar mahaifina, ta faɗo mini a rai.

Shekarar da jam'iyyu suka raba unguwarmu ta Zariya, ni da maƙwabcina muka daina gaisawa. Da dangar karan da ke tsakaninmu ta faɗi, na ce aguwa zan dasa, ta yi duhu, kada ya ƙara ganin tsakar gidana.

Gwaggo ba ta yarda da itace sai ta murza ganyensa ta shinshina. Ta karya reshen aguwar da na kawo, farin ruwansa ya manne mata a yatsu. Ta goge a bakin zane ta ce, "Ɗana, wannan ba mai zuwa roƙonta. Ka shibka lalle. Shi ma yana tare ido, amma matar maƙwabcinka za ta yi sallama ta tsinka, ku gaisa."

Don kunyarta na bi. Ita ta dasa itatuwan lallen, kullum tana juye musu ruwan alwalarta. Sun kai ƙugu ke nan ta rasu. Ko shekara ban jira ba na sare su, na ja katangar siminti.

Bara maƙwabcin nan ya yi wata biyu a kwance, ko tarinsa ban ji ba. Sai da na ga tabarmin zaman makoki a ƙofarsa na sani.

Allah ya sanyaya kabarinki, Gwaggo, ya yafe mini katangar nan.