Ƙuduji a Gonar Baba

Ranar wata Alhamis ce, cikin marka, a shekarar da nake aji uku na firamare. Na riƙe ranar ne saboda Baba bai je kasuwar Maigatari ba, shi da ko zazzaɓi ba ya hana shi zuwa. Inna ta ɗora mini ƙwaryar fura ta ce in kai wa su Baba gona. Gonarmu tana bayan ƙauyenmu, kusa da Sule Tankarkar, sai an wuce rijiya da wani tsohon gawo. Ina shiga cikin geron na ci birki. Ƙarƙashin karan duk wasu furanni ne, tsakanin ja da shuɗi, sun jeru a kan siraran sanduna, iska tana kaɗa su. Ban taɓa ganin abu mai kyau irin wannan ba. Na dire ƙwarya, na tsinki cikin hannu, na soka a ɗankwalina, na nufi su Baba ina rangwaɗa. Yayana Sale ne ya fara hango ni. Ya yar da fartanya ya yo kaina, yana cewa yau sai jikina ya gaya mini.

Da wani ne cikin yaran gidan, da ya sha dukan. Amma ni sunan mahaifiyar Baba aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai "Uwata", kuma ba a taɓa ni a gabansa. Ni kuwa na san da haka, ina kuma cin moriyarsa son raina. Ya tsawata wa Sale, ya kira ni, ya tumɓuke ɗaya daga cikin tsirran ya nuna mini saiwarsa a manne da ta gero. "Wannan ƙuduji ne, Uwata. Kyan ɗan maciji gare shi. Kafin ki ga furensa ya gama shan jinin geron." Ya cire na kaina a hankali, ɗaya bayan ɗaya, ya jefa a tarin da za su ƙona. A lokacin na lura geron namu duk ya tsumbure, ganyensa ya yi rawaya.

Gaskiya ni ba geron ne ya dame ni ba, furannin da aka ƙona ne. Tun daga nan na zama mahaukaciyar ciyayi. In aka aike ni tsinkar tafasa ko yaɗiya, sai in dawo da rabin kwando, sauran kuwa furen balasa ne da na yaryaɗi da na tumfafiya. Ƙawayena suna carafke a gindin dalbejiyar makaranta, ni ina bayan aji ina yage fure ina leƙa cikinsa. Ranar sharar fili kuwa sai in bi ina kewaye duk tsiron da ya yi fure, har malaminmu ya ce tsintsiyata tana da son kai. Awakin gidanmu sun sha shiga gonar mutane ina tsugune ina kallon ƙudan zuma. Inna ta gaji da faɗa, ta koma cewa, "Wannan in an kai ta gidan miji, furanni za ta tuƙa masa."

Ƙudujin kuwa kullum ƙaruwa yake yi. Kowace damina mu tumɓuke, mu tara, mu ƙona, baɗi ya fito ya fi na bara. Baba ya roƙi Fulani suka sauka da shanunsu a gonar da rani don taki, ya gwada wake, ya gwada gyaɗa. Yakan ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ƙasar ce ta gaji. Rumbunmu da a da yake kai mu wata kakar, ya koma ƙarewa tun kafin ruwan farko. Na ga Inna tana ƙara dusa a tuwo, tana juya mini baya don kada in gani.

Da na gama firamare, dangi suka ce karatun ya isa haka. Baba ya ƙi. Ya ce yarinyar da ta san ciyawa haka, ita ce za ta samo maganin ƙuduji. Da wannan hujjar ya kai ni makarantar 'yan mata a Gumel, da ita ya bar ni na tafi jami'a, da ita yake rufe bakin duk wanda ya yi magana a majalisa. Ni ban taɓa ce masa zan samo ba. Ban kuma taɓa ce masa ba abin da nake nema ke nan ba. Akwai masu neman maganin, na san su, ofishinsu yana kallon nawa a jami'ar da nake koyarwa. Ni aikina daban ne. Ina yawo daji ina tattara tsirrai masu fure na ƙasarmu, in matse su tsakanin takardu su bushe, in siffanta su, in rubuta inda suke fitowa da ƙwarin da ke sauka a kansu. Furen ƙuduji ne ya ba ni digirina na ƙarshe, shi ya hau da ni jirgi. Duk sallar da na je gida Baba yakan tambaye ni ko an kusa, ni kuma in ce ana nan ana ƙoƙari, in yi sauri in tambaye shi ciwon ƙafarsa. Kunya nake ji, har yau kuma ban daina ji ba.

A daminar bara na buƙaci wurin da ƙuduji ya yi yawa don in kai ɗalibaina. Mun duba wajen Gagarawa, mun duba wajen Gumel, ba mu sami kamar yadda nake so ba. Na san inda yake, na dai yi ta kewaye-kewaye ne. Sale ya riga ya haƙura da noma ya koma haya da babur, gonar kuma wani maƙwabci aka ba aro, shi ma ya watsa gero ya ga ba ci, ya bar ta ko noman farko bai gama ba. Da motarmu ta tsaya a bakin gonarmu, daga wannan iyaka zuwa waccan fure ne. Ɗalibai suka diro suna murna, suna ɗaukar hoto, wata ta ce ba ta taɓa ganin gona mai kyau haka ba.

Baba ya biyo mu yana dogara sanda. Ya daɗe yana kallon yaran suna tsinkar furen da lallami suna jera shi a takarda, abin da shi ya ƙare ƙarfinsa yana ƙonawa.

"Uwata, wannan na haɗa maganin ne?"

Na durƙusa a gabansa, a gaban ɗalibaina. "A'a, Baba. Ni ba magani nake nema ba. Furen kawai nake karanta."

"Da shi kike ci, kike sha?"

"Da shi, Baba."

Ya gyaɗa kai, ya sake duban gonar. Babu fushi a muryarsa, da ma akwai da na fi samun sauƙi. "To, alhamdu lillahi," ya ce. "Ashe dai gonar ta ciyar da mutum ɗaya."

A da, gidanmu kaf daga wannan ƙasar yake ci, har a aika wa maƙwabta dami. Yanzu hatsin da ake tuƙawa a gidan daga kasuwa nake aiko da shi, Baba kuma yana sa mini albarka a kan kowane buhu. Na so a ce ya taɓa yi mini faɗa ko sau ɗaya ne.