Jarkar da Ke Son Hannu Uku

Orval Zastrow bai taɓa zagin mutum da gaske ba. Shanu ya zaga, injin tatsa ya zaga, sanyin Wisconsin kuwa tun yana saurayi yake zaginsa, amma ɗan Adam, a'a. Sai da ya tsufa ya sayar da shanun, sannan Allah ya haɗa shi da abin da ya fito da duk ashar ɗin da ya ɓoye a ciki: wata jar jarkar roba.

Aiki ɗaya ya rage masa a duniya, yankan ciyawar maƙabartar cocinmu da ke kan tudu bayan gonakin masara. Ba wanda ya ba shi aikin. Ranar da aka binne matarsa Ardis ya ga ciyawa ta kai ƙauri, washegari ya hau injinsa ya zo, shi ke nan. Ya haƙo jajayen furannin da ta dasa a ƙofar kicin ya mayar kan kabarinta. In ya iso wurin yakan kashe inji ya sauka, ya gyara gefen da almakashi, yana ba ta labarin wanda ya mutu da wanda ya yi aure. Duk mun sani, ba mai tankawa.

Da jarkar ƙarfe yake zuba wa injin fetur, wadda ya gada daga ubansa. Hancinta miƙaƙƙe, ga 'yar ƙofar iska a baya, kana karkatawa mai ya zubo sumul kamar shayi daga buta. To, wata shekara da ƙanƙara ta narke ya ɗaga ta ya ji wayam. Tsatsa ta cinye gindin.

'Yarsa Darla, wadda ke aikin jinya a asibitin cikin gari, ita ta kawo masa sabuwa. Irin tsohuwar an daɗe da daina sayarwa, wai don kada tururin fetur ya tashi, kada kuma yara su buɗe. Yara kam ba sa iya buɗewa. Manya ma haka. Sai ka murɗa wani koren zobe, ka danne maɓalli da babban yatsa ba saki, ka saƙala hancin a bakin tanki ka tura, duk wannan kana ɗauke da galan biyar a sama. Ga shi kafaɗar Orval tun da wata saniya ta matse shi da bango ba ta ƙara ɗaukar nauyi ita kaɗai ba. In ya sa hannu biyu ya ɗaga, ba mai danna maɓalli. In ya danna, jarka ta sulluɓe, fetur ya wanke masa takalmi.

"Wanda ya ƙera wannan abu hannu uku gare shi," in ji shi. "Kuma bai taɓa ganin ciyawa ba."

"Baba, ka riƙa sayen rabi mana, ka ga ba nauyi."

"Rabi? Ni ban taɓa sayen rabin komai ba."

Kun ji irin taurin kan da Ardis ta yi fama da shi har ta koma ga Allah.

Ba dabarar da bai gwada ba. Ya kwance hancin ya sa mazurari, jarka ba ƙofar iska, ta yi gul-gul ta fesa masa a fuska. Ya sayi famfo mai batir, ya yi aiki kaɗan ya mutu murus. Ya zura tiyo ya zuƙa da baki irin na da, ya haɗiye abin da ya haɗiye. Ranar Lahadi a coci ya yi wata gyatsa, matar da ke gabansa ta waiwayo ta ce wa mijinta ya je ya kashe kyandir.

Daga ƙarshe ya yi abin da rabin tsofaffin yankinmu suka yi a ɓoye: ya huda jarkar a baya don iska ta shiga, ya fiƙe ɗan ƙirare ya toshe. Sai dai hanyar gidansa tsakuwa ce da ramuka. Yana dawowa daga gidan mai ƙiraren ya yi tsalle ya fita, fetur ya yi ta tsiyaya a bayan a-kori-kura har gareji. Darla kuwa sai ga ta da yamma da tukunyar miya. Tun daga bakin hanya ta ji warin.

Ba ta yi faɗa ba, kuka ta yi, wanda ya fi faɗa zafi. Ta ga mutanen da fetur ya ƙona, ta wanke musu jiki da hannunta, kuma tsoro take ji ƙwarai kada wata rana a turo mata ubanta a kan gadon.

"Baba, ga wata jarkar zan kawo, kada ka kuskura ka huda ta. Asabar ɗin da za ta zo kafin ranar tunawa da sojoji zan zo maƙabarta in tsaya a kanka. In ɗigo ɗaya ya taɓa injin nan, ni da kaina zan kira dattawan coci su ɗauko kamfanin yankan ciyawa na cikin gari."

Orval ya san kamfanin. Samari ne da abin toshe kunne, suna tsaye a kan inji kamar masu tsere, da wata na'ura mai igiya da ba ta san fure ba, ba ta san ciyawa ba. Ya hango furannin Ardis a kwance. Ranar ko miyar bai iya sha ba.

Mafita ɗaya ya gani, kuma ba ya son ta. Maƙwabcinsa Elroy Buchholz ba ya zubar da komai, dole a sami tsohuwar jarka a rumbunsa. Tun suna firamare suke tsokanar juna, kuma Orval bai taɓa aron ko allura a wurinsa ba, yana taƙama da hakan. Elroy ƙato ne, har a tsufansa yana ɗaga buhun abincin kaji da hannu ɗaya, amma injin girbin masara ya tafi da babban yatsansa na dama da biyu na kusa da shi tun yana sabon ango. A shekarar nan ciyawar ƙofar gidansa ta yi dogo har ana gulma, don a nan wurinmu gara a ga wandonka a yage da a ga ciyawarka ta yi haka. Shi kuwa cewa yake wai ƙudan zuma ya bar wa.

Orval ya same shi zaune a bakin rumbu.

"A'a! Yau mai warin fetur ne a gidana? Tsaya daga can, yanzu na kunna taba."

"Kai dai tsohon banza ne. Ina zumar da ka tara? Ko damisa kake kiwo a dajin nan?"

"Faɗi abin da ya kawo ka."

Orval ya dubi sama, ya dubi ƙasa, ya tofar da yawu. "Tsohuwar jarka nake so. Aro. In dawo maka da ita cike, kamar yadda aka saba."

Elroy bai yi dariyar da Orval ya shirya wa ba. Ya tashi ya tura ƙofar rumbun. Inda jarkokin suke a da an share tas. Sai guda ɗaya, ja, ta roba, mai koren zobe, cike taf, ƙura ta rufe ta, kusa da injin da ba a tayar ba tun bara.

"Mijin 'yata ne ya kwashe su ya kai bola, ya ajiye min wannan, wai don lafiyata," in ji Elroy. Ya ɗaga guntun hannunsa. "Na hagu na riƙe, wannan kuma da me zai danna? Da gwiwa na gwada, da haɓa na gwada. Ba wani ƙudan zuma, Orval. Kunya ce kawai."

Tausayi ya kama Orval, amma ba zai nuna ba ko za a yanka shi.

"To ɗaga mana, ƙaton wofi, ka tsaya kana min jawabi."

Elroy ya ɗaga jarkar ya tallafe gindinta da guntun hannun. Orval ya murɗa zobe, ya saƙala hanci, ya danna. Fetur ya shiga tankin injin Elroy shiru, ba ko ɗigo a ƙasa. Suka tsaya suna kallon abin kamar sun ga saniya ta haifi 'yan uku.

Ranar Asabar Darla ta iso maƙabarta da fuska a ɗaure. Ta tarar da tsofaffi biyu sun haɗa kai a kan inji ɗaya.

"Karkata, na ce! Kai ba ka san hagu ba?"

"Danna abinka ka rufe min baki, hannunka na rawa kamar na ɓarawo."

Ta sunkuya ta shafa murfin tanki, ta shinshina yatsanta. A bushe.

"Ai ban ce ka nemo ɗan haya ba, Baba."

"Ba ki ce kada in nemo ba. Ɗigo kika ce."

Ta juya baya don kada su ga tana dariya. Ba ta kira kowa ba.

Haka suka yi ta yi shekaru, kowace Asabar, maƙabarta da safe, gidan Elroy da rana, sai kofi da cuku a bayan mota. Elroy ya riga ya sayi wurin kwanciyarsa, layi ɗaya da Ardis, kuma kullum sai ya je ya tsaya a kai ya duba aikin.

"Ka bar gezar ciyawar nan. In na kwanta a nan ka yi min wannan aikin ganin dama, wallahi sai na tashi."

"Kwanta tukuna mu gani."

Ya kuwa kwanta, a wani sanyi mai tsanani, ba tare da ya yi jinya ba.

Da ciyawa ta sake tsirowa, Orval ya kai inji maƙabarta. Ya jawo jarka daga mota da ƙyar ya dire a ƙasa. Ya murɗa zoben, ya ɗora babban yatsa a kan maɓalli, ya tsaya yana jira a ɗaga, kamar yadda hannunsa ya saba. Sai da ya jima a haka kafin ya tuna. Bai cire yatsan ba. Kewar ƙaton nan ta taso masa gaba ɗaya, ya rasa inda zai sa kansa.

Bai ji tsayuwar mota ba. Sai dai ya ga jarka ta tashi sama, tana ɗan rawa. Darla ce, da tsohon wandon aikin uwarta, ta ciji leɓe don nauyi.

"Danna, Baba, kafin hannuna ya tsinke."

Ya saƙala hancin ya danna. Fetur ya fara shiga.

"Ba haka Elroy ke riƙewa ba," ya ce.

"To ni yatsuna goma ne, sai ka yi haƙuri da ni."

Da tanki ya cika ya miƙa mata almakashi ya nuna mata kabarin uwarta. Shi kuma ya ɗauki na biyu ya nufi kabarin Elroy da ke ƙarshen layi, ya durƙusa, ya fara da gezar.