Kunun Jegon da Agwagi Suka Shanye

Ƙanwata ta zo wankan gida da haihuwarta ta fari a shekarar da ruwa ya cika har ya taɓa katangar makarantar garinmu. Garinmu na masunta ne, a bakin ruwa, kusa da Warra. Ita a Yelwa take aure, mijinta ma'aikacin ofis ne, irin waɗanda sai sun goge takalmi kafin su gaida mutum. Ni kuwa a gida aka aurar da ni, tsakanin ɗakina da na Inna ko mayafi ba sai na ɗauka ba. A lokacin ina goyon ɗana namiji, ya fara zama.

Bayan suna aka kawo ta da jaririyarta mace. Gaskiya ta yi jiki, ta cika ta batse, kuma mu a wajenmu wannan abin a yi hamdala ne. Abin da ba mu sani ba shi ne, ranar sunan wata ƙanwar mijinta ta ce a gaban mata idan an kawo ta garinmu kada a bari ta shiga kwalekwale, kar a yi asarar jirgin mutane. Shi kuma gogan yana bakin ƙofa, ya yi dariya har da buga ƙafa. Matar da ta haifa maka ɗiya, jikinta ko warkewa bai yi ba! Ta ji, ta haɗiye, ta taho mana da abin a cikinta.

Inna ta ajiye bandar kifinta gaba ɗaya saboda wannan jego. Safe da yamma tana gaban tukunyar wanka da ganyen darbejiya, hayaƙi na cin idonta. Ta dama kunun kanwa mai kauri, ta tuƙa tuwon shinkafa, ta yi miyar kifi da yajin jego. Babanmu kuwa duk ragon ruwan da ya faɗa komarsa ba ya kai shi kasuwa, gida yake kawowa. Ƙanwata takan zauna a tsakar gida ta ci kifi har ta lashe yatsu, kowa na gani. Idan aka zo kan tuwo da kunu sai ta ce, "Inna, kai min ɗaki, sai ya huce in sha sannu-sannu." An jima kwano ya fito tas kamar an wanke. Inna ta riƙa yi wa maƙwabta fariya cewa ɗiyarta ba ta da tsirfar 'yan birni.

Ba a daɗe ba jaririya ta fara kuka. Ta kama nono ta ja ta ja, ta saki ta tsala ihu. Maimakon ta murje sai fatar cinyarta ta riƙa yin laushi, idanunta suka fito. Uwar kuma ta soma zubewa, zanen da ta zo da shi ya koma yana zagaye ta har da saura. Kullum ciwon kai, in ta miƙe sai ta dafa bango. Bakinta ya riƙa wani irin wari kamar mangwaron da ya ruɓe. Na tambaye ta, ta ce zafin ruwan wanka ne.

Inna ta aika aka kira tsohuwar ungozomar unguwarmu. Ta sa aka tatsi nonon a ƙoƙo, da ƙyar aka samu abin da ya rufe gindin ƙoƙon, ta kamo tururuwa ta jefa ciki. Tururuwa ta yi ta mutsu-mutsu ta mutu. Tsohuwa ta girgiza kai.

"Nonon ga ba shi da kyau," in ji ta. "A ɗauke ɗiyar ga daga gare shi sai an gyara shi."

Ni dai ban ga tururuwar da za a jefa ko a ruwan randa ta fito tana tafiya ba, amma wa ya isa ya yi musu da matar da ta yanke cibiyar rabin gari? Ta kawo wani jan gari na sassaƙe ta ce a riƙa zubawa a kunu mai jego ta sha. Jaririya kuma a ba ta madarar akuya da cokali.

Na ce wa Inna ga ni da nono har yana jiƙa mini riga, a ba ni yarinyar in shayar da ita. Inna ta zaro ido.

"Ke, rufa min asiri! In kinka ba ta ta sha, ta zama ƙanwar ɗanki. Kin kashe auren zumunci tun ba a tahi ko'ina ba."

Ashe tun ranar da aka ce mace aka haifa Inna ta gama haɗa jikokinta aure a ranta. Yarinya na kukan yunwa, ana tanadin bikinta. Na fita daga ɗakin ina huci, don in na tsaya zan faɗi abin da ba a faɗa wa uwa.

Wata safiya na zagaya bayan ɗakin mai jego neman itace. Sai na tarar da agwagin unguwa kaf sun yi cincirindo a ƙarƙashin tagarta, suna ture juna. Na kore su na duba. Tun daga bakin taga har ƙasa bangon ya yi dabbare-dabbare da busasshen kunu, wani kan wani. A ƙasa ga loma-lomar tuwon shinkafa. Ga kuma sabon kunu yana tururi, ja da garin maganin ungozoma. Na dubi agwagin nan, kowace ta yi ɓul-ɓul tana tafiya da ƙyar. Ashe agwagi Inna take yi wa jego.

Ban san lokacin da na faɗa ɗakin ba. Tana kwance tana latsa waya, jaririya a gefe ta gaji da kuka sai ajiyar zuciya take yi.

"Don ubanki, mi kika zubarwa ta taga?"

Ta yi tsuru-tsuru. Da ta ga ba wurin ɓuya sai ta fashe da kuka.

"Yaya, ki yi haƙuri. Sitaci na. An ce in bar duk abin da ad da sitaci, in ba haka ba tumbin ga ba ya komawa."

"Wa yac ce?"

Ta miƙo mini wayar. Wani guruf ne na mata masu son rage ƙiba, da wata Hajiya da ke jagorantarsu daga can wani birni, ba wadda ta taɓa ganinta ido da ido. Dokarta ita ce ba tuwo, ba shinkafa, ba kunu, ba fura, ba rogo, ba dankali, ba burodi. Sai nama da kifi da ƙwai da ganye da mai. Ƙanwata ta kunna mini saƙon murya. Ta gaya wa matar nan ƙarara cewa jego take, tana shayarwa, kuma tana jin jiri. Hajiya ta amsa da wata murya mai sanyi kamar ta mai ba yaro alewa, wai jiri da warin baki alamar kitse ne yana narkewa, ta daure, nono kuma ai ruwa ne, ta yawaita shan ruwa. A ƙasa mata sun jera mata tafi da furanni.

Na ce, "Ke da kinka yi makaranta har kina koya ma 'ya'yan wasu? Kina kallon ɗiyarki tana bushewa, kina ba agwagi abincinta?"

Ta ce, "Yaya, ba ke anka yi ma dariya ba."

Wannan maganar ta soke ni, amma ba ta sauke mini fushi ba. Ta roƙe ni kada in gaya wa Inna. Na ɗaga murya na kira Inna a take, na ja hannunta har bayan ɗaki. Inna ta tsaya tana kallon bangon nan. Tsohuwar da ta bar sana'arta, ta ƙona hannu a murhu. Ta share ido da bakin zane ta koma ta dama wani kunun, ta tsaya a kan ƙanwata sai ta sha. Ta kurɓa kaɗan, ya dawo. Ta sake, ya sake dawowa. Cikin ya riga ya ƙi.

Da yamma aka shiga da ita wanka duk da haka, don a wajen Inna fashin wankan jego ba ya cikin lissafi. Ana watsa mata ruwan zafin nan sai ta sulale ƙasa. Muka fito da ita tana wani irin numfashi mai zurfi da sauri, kamar wadda ta yi gudu, idanu a juye. Babanmu ya samo motar masu ɗaukar kifi, muka shimfiɗa ta a baya tsakanin kwanduna, muka kama hanyar Yelwa. Jaririya na hannuna, ko kukan ta daina. A cikin motar nan na ɗaga riga na ba ta nono. Ta kama da wani irin ƙarfi har sai da na ji zafi a bayana. Inna ta gani, ta buɗe baki za ta yi magana, na dube ta. Ta mayar da kai gefe.

A asibiti aka ɗaura mata ruwa, leda na ƙarewa ana sa wata. Da ta farfaɗo likita ya tara mu. Ya ce mai shayarwa jikinta aikin mutum biyu yake yi, ita kuma ta yanke masa tuwo da kunu rana ɗaya, sai ya koma ƙona kitse babu ƙaƙƙautawa har jininta ya yi tsami. Ya ce da mun ƙara jinkiri da wani zancen ake yi. Na tambaye shi ko rage tuwon nan ƙarya ce gaba ɗaya. Ya ce a'a, akwai masu ƙiba da masu ciwon suga da yake yi wa amfani, amma da lura da awo, kuma ba a ce wa mai jego ta yi haka ba. Inna ta fara gyaɗa kai tana jin an goya mata baya, sai ya juyo kanta. Ya ce ruwan da ake tafasawa ana watsa wa mace da kanwar da ake zambaɗawa a kunu su ma suna kwantar da mata, kuma ɗauke jaririya daga nono shi ya ƙarasa ƙafar da ɗan abin da ya rage. Kowa ya samu rabonsa.

Mijin ya zo da 'yar ledarsa ta lemo, yana ƙamshin turare. Ya tsaya a bakin gadon, ya dubi matarsa da allura a hannu, ƙasusuwan wuyanta a waje. Wallahi da kunnena na ji ya ce, "Sannu. Amma fa kin koma kamar lokacin da kina amarya."

Idona ya rufe. Na manta da kunyar suruki, na manta asibiti muke. Na kwance goyo na ɗaga masa 'yarsa, na ce ya duba wannan ma ta yi masa daidai ko a ƙara rage ta. Na yi masa tas, har sai da ma'aikaciyar jinya ta zo ta riƙe ni. Ya tsaya yana cewa shi wasa yake yi, bai taɓa ce mata ta bar cin abinci ba. Gaskiya ne, bai ce ba. Dariya kawai ya yi.

Ita kuwa Hajiyar waya, na karɓi wayar na aika mata saƙo na gaya mata inda shawararta ta kai mu. Amsar da ta bayar ita ce ƙanwata ba ta bi tsarin daidai ba. Kafin la'asar ta cire ta daga guruf ɗin. Na tabbata har yanzu tana can tana gaya wa wata cewa jiri alamar nasara ce.

Muka dawo gida. Ƙanwata ta koma cin tuwo, a tsakar gida, a gaban kowa. Ƙarfinta ya dawo a hankali, amma nonon bai dawo yadda ya kamata ba, sai ɗigo-ɗigo. Likita ya ce a yi ta sa yarinyar tana ja, zai iya kawowa. Aka yi ta sawa. Sai ta kama, ta ja, ta ji babu, ta banƙare tana ihu har sai an miƙo mini ita. Aka gwada madarar gwangwani, ta sa ta zawo. Haka na koma shayar da biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, ina ci kamar gara ina ramewa, ba tare da wata Hajiya ta koya mini ba.

Ranar arba'in Inna ta haɗa mata kayan komawa, busasshen kifi da yaji da shinkafa. An riga an yanke cewa yarinya za ta zauna wurina har yaye, don ba wanda zai yarda a sake gwaji da ranta. Mota ta tsaya a ƙofar gida, mijin na ciki bai fito ba, ya san ina nan. Ƙanwata ta yi kwalliya, ta sa rigar da ta daɗe ba ta shige ta ba, ta zauna mata ɗas.

Har ta kai zaure ta dawo.

"Yaya, ba ni ita in ƙara gwadawa."

Na miƙa mata. Ta zauna a kan turmi da kwalliyarta, ta buɗe riga ta sa mata. Yarinyar ko kamawa ba ta yi ba. Ta kawar da kai, ta riƙa waige-waige tana neman inda muryata take, ta fara kuka. Ƙanwata ta jijjiga ta, ta yi mata 'yar waƙa, ta sake gwadawa. Aka danna hon a waje.

Ta tashi ta sa mini ita a hannu, kukan ya tsaya nan take.

"Riƙe ta," in ji ta. "Ba ta san ni ba."

Ta gyara rigarta ta fita, bayanta babu goyo.