Lisans ɗin Mamaci

Sana'ata takalman gwanjo ce. Da buhu ɗaya a kafaɗa na fara, ina zagaya kasuwar Mokolo, yau ina da shago biyu da ɗakin ajiya a unguwarmu Briqueterie. Wanda ya daɗe a wannan sana'a ta ƙafa yake gane mutum. Kawo mini takalmin da ka taka wata uku in gaya maka ko kana jan ƙafa, ko gefe ɗaya kake dogarawa. Na faɗi haka ne don a san ni ba mai ganin aljani a kowane lungu ba ne. Abin da na juya a hannuna, shi nake yarda da shi.

Ƙungiyar ƙwallon unguwarmu tana can ƙasan ligi, inda babu rediyo babu talabijin. Filinmu jar ƙasa ce a bayan wata makaranta ta wajen Cité Verte, 'yan kallo kuwa duk ka san gidan ubansu. Ni nake ba 'yan wasa takalma duk shekara, shi ya sa aka sa ni a kwamiti, aka damƙa mini jakar lisans. Lisans shi ne katin ɗan wasa, da sunansa da hotonsa da hatimi. Kafin a fara wasa sai 'yan wasa su jeru, alƙalin wasa ya riƙe katunan yana kira ɗaya bayan ɗaya. Wanda aka kira ya ɗaga hannu ya ce "prezan", wato "ga ni" da Faransanci, a dubi kati a dubi fuska. In ba ka da kati ba ka taka fili.

A shekarar da nake magana mun kai takardunmu da wuri. Ana saura sati uku a buɗe sabuwar kaka, cikin manyan ruwan sama, mai buga mana gefen hagu ya rasu. Babur ne ya zame da shi a wani gangare na Ekoudou. Ɗan wani tsohon tela ne mai ɗinkin babbar riga, haifaffen unguwa, mai tsokana, ba ya wuce shagona bai jefo mini magana ba. Muka yi jana'iza, muka yi zaman makoki. Bayan kwana goma katuna suka fito. Na buɗe ambulan a shago, nasa ne na uku, yana dariya a hoton duk da mai ɗaukar hoto ya hana shi.

A lokacin akwai wani ɗan Garwa da yake zuwa atisaye tare da 'yan wasanmu. Soya, wato tsire, yake gasawa a bakin titi, shekarunsa za su kai ashirin da huɗu, mai kunya, Hausarsa ta Fulani. Ƙwallo kuwa kamar da ita aka haife shi. Abin da ya rasa shi ne takardar haihuwa, don a ƙauye aka haife shi, kuma ba a yin lisans sai da ita. Kocinmu ya same ni a shago ya ja kujera.

"Alhaji, ga kati babu mai shi. Ga ɗan wasa babu kati. Kai ne ɗan kasuwa, ai ba sai na ƙarasa ba."

"Kai, ji tsoron Allah. Ƙasar kabarin ba ta bushe ba."

"Wace ƙungiya ce ba ta yi? Golan da ya hana mu ci bara, furfura ce a gemunsa, katinsa ya ce sha tara. Mu ne kaɗai waliyyan ligin?"

Ba zan ɗora wa koci ba. Shi ya faɗa, ni na aikata. Da reza na ɗaga hoton marigayin, na liƙa na ɗan Garwa, na jefa tsohon hoton a aljihun tebur. Da na nuna wa ɗan Garwa katin sai ya ƙi karɓa, ya ɓoye hannuwansa a baya.

"Patron, sunan mutum ne fa."

Na ce, "Minti ɗaya ne a layi. Sauran minti casa'in ƙafarka ce, ba ta kowa ba."

Na kuma tara 'yan wasa na gargaɗe su: a fili kada wanda ya kira shi da sunansa na gaskiya, kar jami'an wasa su ji. Su saba tun daga wurin atisaye. Wannan umarnin ma nawa ne.

Wasan farko ranar Asabar ne bayan la'asar. Hadari ya haɗu ya ƙi zubowa, fili ya yi duhu-duhu. Alƙalin wasa baƙo ne, bai san kowa ba. Ya kira na ɗaya, ya kira na biyu, ya kira sunan marigayin. Masu ganga da suke ta kiɗa tun ɗazu suka tsaya cak. Duk layin suka sunkuyar da kai. Sai wata murya ta ce, "Prezan." Alƙalin bai ko ɗago sosai ba, ya wuce na gaba.

Mun ci ɗaya da nema, ɗan Garwa ne ya zura da ƙafar dama. Abin da ban lissafa ba shi ne sakamakon da ake turawa a waya bayan kowane wasa, da sunan wanda ya ci. Kafin magariba saƙon ya zagaye unguwa, cewa marigayi ya ci ƙwallo. Ya shiga gidajen mata, wata maƙwabciya ta karanta shi a gaban mahaifiyarsa.

Washegari na buɗe shago ina jiran zagi. Tsohon telan ya zo. Mutumin nan lokacin da ɗansa yake da rai bai taɓa zuwa kallo fili ba, cewa yake ƙwallo aikin wanda ya rasa abin yi ne. Ya tsaya a bakin ƙofa, muka gaisa, na rasa inda zan sa idona.

"Yaushe ne wasa na gaba?"

"Asabar, Baba."

Ya gyaɗa kai ya tafi.

Ranar Asabar ya zo da farar riga da 'yar kujerarsa ta ninkewa. Bai zauna cikin 'yan kallo ba, ya kafa kujerar daf da inda ake jera 'yan wasa. Aka kira sunan, aka amsa, na ga leɓensa yana motsi. Da aka tashi wasa sai ya miƙe ya kira sunan ɗansa, ba da ƙarfi ba, yadda uba yake kira daga cikin zaure. Ɗan Garwa ya waiwayo nan take.

"Ka ci abinci? Uwarka ta yi tuwo."

Ya bi shi. Muna tsaye muna kallo suka sauka gangaren, tsohon a gaba, shi a baya yana ɗauke da kujerar.

Daga nan abin ya zama kullum. Can yake cin abincin rana. Ranar Juma'a na gan shi a masallaci da wata shuɗiyar riga da na sani sarai, ta zauna masa kamar an gwada shi. 'Yan wasa da na ce su kira shi da sunan a fili suka ci gaba da kira a titi. Masu sayen soya suka ɗauka. Ƙungiya kuwa tana ta ci, muka hau na biyu a teburin ligi, abin da ba mu taɓa yi ba. Mutanen da suka daina zuwa fili shekara da shekaru suka dawo. Sai dai in an zo kiran suna, fili yakan yi tsit har sai ya amsa, sannan ganga ta tashi. Ba wanda ya ce a yi haka, kuma ba wanda yake maganarsa.

Bayan wasa na biyar ya kawo mini takalmansa in gyara masa ƙusoshi. Kusan sababbi na ba shi su. Na juya su a hannuna. Mai buga ƙwallo da ƙafar dama, cikin takalmin dama ne yake fara cinyewa. Waɗannan na daman lafiya lau. Na hagun ne ya goge ta gefen waje wajen ƙaramin yatsa, dunduniya ta karkata. Na san wannan cin. Nakan karɓi tsofaffin takalma in na ba da sababbi, don haka na shiga ɗakin ajiya na tono na marigayin na bara, na ajiye su gefe da gefe a kan buhu. Wuri ɗaya, karkata ɗaya, har da tsagar da take fara buɗewa a ɗinki na uku.

Na ce wa raina koci ya mayar da shi gefen hagu, dole ƙafa ta koya. Hujja ce mai kyau, har yau ban yar da ita ba. Amma marigayin shekara guda ya yi kafin takalminsa ya ci haka, wannan kuwa wasa biyar.

Na fito, yana zaune a kan benci ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Alhajin da bai je Makka ba, a yi mana da jiki mana, muna da atisaye."

Mutum ɗaya ne a duk Briqueterie yake kirana haka, shi ne marigayin. Ɗan Garwa kuwa bai taɓa haɗa ido da ni ba, balle tsokana. Ya yi dariya, dariyar ta tsaya masa a rabi, ya sauke ƙafarsa.

"Me na ce, patron?"

Wannan ma yana iya jin ta a bakin abokansa. Na zauna kusa da shi na ce, "Yaushe rabon ka gaisa da mahaifiyarka?"

"Inna? Ai yanzu na baro ta, tana tsince shinkafa."

"Ta Garwa nake nufi."

Ya daɗe yana kallon takalman da ke hannuna. Can ya ce, a hankali, wai katin wayarsa ne ya ƙare.

A ranar na zare lisans ɗin daga jaka. Koci ya yi ta faɗa har masu shagon maƙwabta suka leƙo.

"Muna na biyu! Na biyu, Alhaji! Saboda takalmi ya goge za ka kashe mana kaka?"

"Mutum na ara, zan mayar da shi inda na ɗauko shi."

Na kai ɗan Garwa tashar jirgin ƙasa da kaina, ya je gida ya nemi shaidu, kotu ta ba shi takardar haihuwa da sunan da ubansa ya raɗa masa. Bai yi gardama ba, bai kuma yi godiya ba. Ya shiga jirgi kamar wanda aka tasa daga barci.

Saura tsohon. Na mayar da hoton ɗansa a kan katin, na je shagonsa da hantsi. Yana kan keke yana ɗinki. Na durƙusa.

"Baba, ni na yi wannan abu, ba yaron ba. Na zo neman gafara."

Bai tsayar da keken ba sai da ya kai ƙarshen layi.

"Kana tsammanin ban san ba shi ba ne? Ni na wanke gawar ɗana da hannuna." Ya ciji zare. "Amma duk Asabar ana kiran sunansa a gaban jama'a, a amsa. Kai ka san yadda gida yake zama in an daina kiran suna a cikinsa?"

Ya ɗago ya dube ni.

"Sau biyu ke nan na binne shi. Na biyun kai ka haƙa." Ya miƙo hannu. "Kawo."

Na ba shi katin. Ya sa a aljihun gaba, ya ci gaba da taka keke. Bai sake zuwa fili ba.

Wata biyu ɗan Garwa ya yi. A ciki aka doke mu sau huɗu, muka gangaro tsakiyar tebur, wasu suka daina amsa sallamata a kasuwa. Ya dawo da takardarsa, ya rame, Hausarsa ta koma ta Fulani sosai. Da aka buɗe rajista ta tsakiyar kaka na kai takardar da kaina, aka yi masa kati mai sunansa da hotonsa da hatimi na gaskiya, babu abin da reza ta taɓa.

Ranar da zai fara bugawa da shi rana ce tas, babu hadari ko kaɗan. Suka jeru. Alƙalin wasa ya kira na ɗaya, na biyu, har ya zo kansa ya kira sunan. Shiru. Ya sake kira. Ɗan Garwa ya dubi dama, ya dubi hagu, yana neman wanda ake kira a cikin layin. Sai da kyaftin ya zungure shi da gwiwar hannu sannan ya ɗaga hannu, ya ce "prezan" da muryar da da ƙyar na ji daga inda nake tsaye.

Alƙalin ya matso. Ya dubi katin, ya dubi fuskarsa, ya sake duban katin. Ya kira mataimakinsa, suka juya shi, suka ɗaga shi ga rana, suka kankare gefen hoton da farce. Wasa biyar ya buga da katin mamaci ba wanda ya dube shi sau biyu. Da Faransanci alƙalin ya tambaye shi, "Ka tabbata kai ne?"

Ya ce e. Sai dai kafin ya faɗa, ni ya fara waiwaya.